Yadda ake tura harafi da jerin haruffa zuwa magudanar fitarwa a yaren C

Shirin da aka rubuta da yaren C bai san allo ba. Idan ka kira `printf` rubutu ya bayyana a gabanka, ba shirin ne ya zana haruffan ba. Bayit-bayit kawai ya miƙa wa wata hanya da ake kira magudana, ita kuma ta kai su inda aka ɗaura bakinta, ko allo ne, ko fayil, ko wani shiri daban da ke jiran su. Yawancin matsalolin da ke rikita mai koyo daga nan suke tasowa: rubutu ya ƙi fitowa a kan lokaci, layuka su hautsine, harafi mai ƙugiya ya koma wata alama marar ma'ana, ko shiri ya ce ya gama alhali fayil ɗin babu komai a ciki. Miƙa bayit daban, isarsa daban, kuma a wannan tazarar za mu fi daɗewa.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro C a Bell Labs da ke Amurka a farkon shekarun 1970, aka tsayar masa da ƙa'ida ta farko a 1989. Yawancin kayan aikin da za mu yi amfani da su suna cikin `stdio.h`, kuma tun wancan lokaci kusan ba su canza ba. Abin da kake buƙata shi ne kompaila, wato manhajar da ke mayar da abin da ka rubuta ya zama shirin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, irin gcc ko clang, da tagar umarni. Ka riƙa haɗa shirinka da `gcc -Wall -Wextra gwaji.c -o gwaji` domin kompaila ta yi maka gargaɗi kan wasu daga cikin kurakuran da za mu ambata.

Mataki na 1: san magudanar da kake rubutu a cikinta

Kafin `main` ya fara aiki, an riga an buɗe maka magudana uku: `stdin` ta shigarwa, `stdout` ta fitar da sakamako, da `stderr` ta saƙon kuskure. A Linux da sauran tsarukan da ke bin ƙa'idar POSIX, lambobinsu 0 da 1 da 2 ne bi da bi. Kowace a cikinsu `FILE *` ce, daidai da abin da `fopen` ke dawo maka da shi idan ka buɗe fayil. Saboda haka kusan duk abin da ka koya a kan `stdout` zai yi maka aiki a kan fayil.

`stdout` da `stderr` duk a allo suke fitowa idan ba a karkatar da su ba, shi ya sa mutane da yawa ba sa ganin amfanin raba su. Gwada waɗannan ka gani:

```
./gwaji > sakamako.txt
./gwaji 2> kurakurai.txt
./gwaji | sort
```

Layi na farko yana karkatar da `stdout` zuwa fayil, na biyu kuma `stderr`. A layi na uku, alamar `|`, wadda ake kira bututu, tana tura duk abin da ka rubuta a `stdout` cikin `sort`, shirin da ke jera layuka. Idan ka cusa "an kasa buɗe fayil" a nan, `sort` zai jera shi tare da bayanan gaske, mai amfani da shirin kuma ba zai gan shi a inda ya kamata ba. Sakamako ya bi `stdout`. Koke da gargaɗi da bayanin ci gaban aiki su bi `stderr`.

Mataki na 2: harafi ɗaya

Hanyoyi uku ne. `fputc(c, f)` yana rubuta bayit ɗaya a magudanar `f`. `putchar(c)` yana yin haka nan a `stdout`. `putc(c, f)` kuwa aikinsa ɗaya da `fputc`, sai dai ƙa'ida ta yarda a gina shi a matsayin makiro, wato rubutun da ake sauya sunan da shi kafin a haɗa shiri, wanda zai iya lissafa `f` fiye da sau ɗaya. Don haka kada ka rubuta abu kamar `putc(c, fayiloli[i++])`, domin `i` na iya ƙaruwa sau biyu. In kana shakka, ɗauki `fputc` ka huta.

```c
putchar('A');
putchar(65);
fputc('\n', stdout);
```

Layi na farko da na biyu abu ɗaya suke fitarwa, domin a tsarin ASCII lambar `A` ita ce 65, ta `\n` kuma 10. Lura da alamar zance: `'A'` mai ɗigo ɗai-ɗai lamba ce, `"A"` mai bibbiyu kuma jerin haruffa ne, wato adireshin wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. `putchar("A")` kuskure ne, kuma kompaila za ta faɗa maka.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kai shi ne dalilin da ya sa waɗannan suke karɓar `int` suna dawo da `int`, ba `char` ba. Bayit yana da ƙima 256, daga 0 zuwa 255, kuma kowace a ciki halattacciya ce. Ana buƙatar wata ƙima ta daban da za ta nuna an gaza ko an kai ƙarshe, ita ce `EOF`, lamba ce ƙasa da sifili, galibi -1. Ga shirin da ke kwafe shigarwa zuwa fitarwa:

```c
#include <stdio.h>

int main(void)
{
    int c;
    while ((c = getchar()) != EOF)
        putchar(c);
    return 0;
}
```

Idan ka mayar da `int c` zuwa `char c`, shirin zai yi kamar lafiya lau a kan rubutu na yau da kullum. Amma a kwamfutar da `char` ke ɗaukar lamba ƙasa da sifili, bayit 255 zai zama -1, shirin ya ɗauka an gama ya tsaya a tsakiyar fayil. A inda `char` ba ya sauka ƙasa da sifili kuwa, kamar Linux a kan ARM, `c` ba zai taɓa zama daidai da `EOF` ba, zagayen ba zai ƙare ba.

Mataki na 3: jerin haruffa

A C, jerin haruffa bayit ne a jere waɗanda bayit sifili, `'\0'`, ya rufe musu baya. Babu inda aka ajiye tsawonsu. `puts` da `fputs` da `%s` na `printf` duk tafiya suke yi bayit bayan bayit har su ci karo da sifilin.

```c
puts("Sannu");
fputs("Sannu", stdout);
fputs("Sannu\n", stderr);
```

`puts` yana ƙara alamar sabon layi da kansa, kuma a `stdout` kaɗai yake rubutu. `fputs` ba ya ƙara komai, abin da ka ba shi shi zai fitar. Wannan bambanci ne ke haifar da layukan banza a tsakanin rubutu: `fgets` yana karanto layi tare da `\n` ɗinsa, in ka miƙa wa `puts` sai ya ƙara wani. Abokin `fgets` shi ne `fputs`. Ka kuma kula da jerin abin da ake miƙawa: a `fputs` da `fputc` magudana ce ke zuwa ƙarshe, a `fprintf` kuwa ita ce a farko.

Ga tarkon da ba ya nuna kansa:

```c
char kalma[4] = "ruwa";
puts(kalma);
```

C ya yarda da layin farko, amma gurbi huɗu ne kawai, haruffan sun cinye su, babu wurin sifili. `puts` zai wuce iyakar `kalma` ya ci gaba da kwaso duk abin da ke gaba a ƙwaƙwalwa. Wani lokaci a yi sa'a sifili na nan kusa, wani lokaci shara ta biyo baya, wani lokaci shirin ya faɗi. Ka rubuta `char kalma[] = "ruwa";` kompaila ta ƙirga maka gurbi biyar. In kuma dole bayananka ba su da sifili a ƙarshe, to faɗi tsawon da kanka, ko da `printf("%.4s", kalma)` ko da `fwrite(kalma, 1, 4, stdout)`. Shi `fwrite` bai damu da sifili ba sam, adadin da ka ce shi zai rubuta, don haka shi ne na hoto da sauti da duk bayanan da ba rubutu ba. Irin waɗannan fayiloli ka buɗe su da `"wb"`, domin a Windows yanayin rubutu yana mayar da kowane bayit 10 ya zama 13 da 10, hoton ya lalace.

Sai maganar `printf`. Abu na farko da kake ba shi ba rubutu ne zalla ba, tsari ne da yake karantawa yana neman alamar `%`. Saboda haka kada ka taɓa yin wannan da rubutun da ya fito daga waje:

```c
printf(sako); /* haɗari */
printf("%s", sako); /* daidai */
fputs(sako, stdout); /* daidai, kuma ya fi sauƙi */
```

Idan `sako` yana ɗauke da `%s` ko `%x`, layin farko zai je neman abin da ba ka ba shi ba, ya karanto ƙwaƙwalwar da ba ta shafe shi ba. Akwai ma `%n`, wanda ba karatu yake yi ba, rubutu yake yi a ƙwaƙwalwa. Masu kutse sun daɗe suna shiga manhajoji ta wannan ƙofa. Ƙara `-Wformat-security` a umarnin gcc domin ta riƙa kama maka shi. Ni a ganina, duk inda babu lamba ko tsari da za a shirya, `fputs` ya fi `printf` dacewa. Ita kanta gcc takan sauya `printf("Sannu\n")` ta mayar da shi `puts("Sannu")` a ɓoye.

Mataki na 4: ma'ajiyar wucin gadi, inda rubutu ke maƙalewa

Kowace tura bayani zuwa ga babbar manhajar kwamfuta, irin Linux ko Windows, tana da tsada. Da a ce kowane `putchar` sai ya je can, da rubuta fayil mai bayit miliyan ɗaya ya zama kira miliyan ɗaya. Don haka `stdio` yake tara bayit a wata ma'ajiya da ke cikin shirinka, sai ta taru ya kai gaba ɗaya, kamar mai ɗiban ruwa da ke jira bokiti ya cika maimakon ya yi ta zirga-zirga da moɗa.

Yanayi uku ne. Akwai magudanar da ba ta tarawa, abu na shiga yake fita. Haka `stderr` take a Linux. Akwai mai tarawa layi-layi, wadda ke juyewa idan ta ga `\n`; haka `stdout` take idan allo take fuskanta. Akwai mai jira sai ta cika. Haka fayiloli suke, kuma haka `stdout` ke komawa da zarar an karkatar da ita zuwa fayil ko bututu. Wannan na ƙarshen shi ne ke ba mutane mamaki, domin shirin bai canza ba, inda aka ɗaura bakin magudanar ne ya canza halinta.

Gwada wannan a Linux:

```c
#include <stdio.h>
#include <unistd.h>

int main(void)
{
    fputs("Ana lissafi... ", stdout);
    sleep(3);
    puts("an gama");
    return 0;
}
```

Za ka zauna daƙiƙa uku allo babu komai, sannan layin ya faɗo gaba ɗaya. "Ana lissafi" na nan kwance a ma'ajiya tun farko, babu `\n` da zai tashe shi. Saka `fflush(stdout);` kafin `sleep` ka sake gwadawa. Haka za ka riƙa yi duk lokacin da ka rubuta tambaya ba tare da sabon layi ba kana jiran amsa, ko kana nuna ɗige-ɗigen ci gaban aiki.

Wannan ma'ajiya tana da hannu a abubuwa da dama da suke kama da tsafi. Mutum yana neman inda shirinsa ke faɗuwa, ya warwatsa `printf("na iso nan")` a wurare, shirin ya faɗi, saƙon ƙarshe bai fito ba, sai ya ɗauka shirin ya faɗi kafin ya iso wurin alhali ya riga ya wuce shi. Shirin da ya mutu ba shiri ba ya samun damar juye ma'ajiyarsa. Dawowa daga `main` da kiran `exit` suna juye dukkan magudanun da ke buɗe, amma `_exit` ba ya yi, kuma kada ka dogara da `abort`. Saƙon bin sawun kuskure a `stderr` ake rubuta shi.

Haka nan idan ka haɗa magudanun biyu a fayil ɗaya da `./gwaji > log.txt 2>&1`, za ka iya tarar da saƙonnin kuskure duk sun taru a sama, sakamako a ƙasa, ko da a cakuɗe aka rubuta su. `stderr` ta fita nan take, `stdout` ta jira. In jerin yana da muhimmanci a gare ka, kira `fflush(stdout)` kafin kowane rubutu a `stderr`. Mai amfani da `fork`, kiran da ke sa shiri mai gudana ya haifi kwafin kansa, kuma ya sani cewa ɗan da aka haifa yana gadon kwafin ma'ajiyar uwar. Duk abin da ba a juye ba kafin `fork` zai iya fita sau biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, sai a juye tukuna a yi `fork`.

Kana iya zaɓar yanayin da kanka da `setvbuf`, amma sai a farkon shiri, kafin a yi wani aiki da magudanar:

```c
setvbuf(stdout, NULL, _IOLBF, BUFSIZ);
```

`_IOLBF` layi-layi ne, `_IOFBF` sai ta cika, `_IONBF` babu tarawa. Kada ka yi saurin kashe tarawar don kawai ka rabu da damuwa, domin shiri mai yawan rubutu zai yi nauyi ƙwarai. `fflush` guda a wurin da ya dace ya fi. Kuma ka sani `fflush` iyakarsa ya miƙa wa babbar manhaja. Ita ma tana da tata ma'ajiyar. Idan bayanan na da muhimmancin da ko wuta ta ɗauke dole su kasance a faifai, sai ka bi shi da `fsync(fileno(f))` a tsarin POSIX. `fflush(stdin)` kuwa, wanda ake yawan kwafa daga wuri zuwa wuri, ƙa'idar C ba ta san shi ba. Na magudanar fitarwa ne.

Mataki na 5: haruffan da suka wuce bayit ɗaya

ASCII haruffa 128 kawai ya ƙunsa, babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki. Tsarin da aka fi amfani da shi yau shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinsa haruffan ASCII suna nan da bayit ɗai-ɗai, sauran kuma suna cin biyu zuwa huɗu. ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Tabbatar da idonka:

```
./gwaji | od -An -tx1
```

Idan shirin `fputs("ƙasa", stdout)` kawai yake yi, za ka ga `c6 99 61 73 61`. Haruffa huɗu, bayit biyar, kuma `strlen` biyar zai ce maka.

Labari mai daɗi shi ne `puts` da `fputs` da `%s` ba sa buƙatar sanin wannan. Bayit suke turawa yadda suka same su, tagar umarni ce ke haɗa C6 da 99 ta zana ƙ. Muddin ka adana fayil ɗin shirinka da UTF-8, tagar ma tana kan UTF-8, komai zai fito daidai. A Windows tagar takan tashi da wani tsohon tsari, sai ka ga alamu biyu baƙi a madadin harafi ɗaya. Maganinsa `chcp 65001` a tagar, ko `SetConsoleOutputCP(CP_UTF8)` daga `windows.h` a farkon shirin.

Inda ake tuntuɓe shi ne duk wurin da ake ƙirga. `putchar('ƙ')` ba zai yi ba, domin `putchar` bayit ɗaya yake fitarwa. Rubuta `fputs("ƙ", stdout)`. `%.1s` a kan "ƙasa" zai yanke harafin biyu ya fitar da C6 shi kaɗai. `%-8s` kuma da bayit yake auna faɗi, shi ya sa teburin da ke da "ƙasa" da "kasa" a jere yake karkacewa da gurbi ɗaya. Don ka daidaita shi, ƙirga haruffan da kanka. Duk bayit ɗin da ke ci gaban harafi a UTF-8 da 10 yake farawa a lissafin sifili-da-ɗaya, sai a tsallake su:

```c
static void rubuta_da_fadi(const char *s, int fadi, FILE *f)
{
    int n = 0;
    for (const char *p = s; *p; p++)
        if (((unsigned char)*p & 0xC0) != 0x80)
            n++;
    fputs(s, f);
    while (n++ < fadi)
        fputc(' ', f);
}
```

Wannan ya isa ga rubutun boko na yau da kullum. Ba zai daidaita haruffan Sin masu cin gurbi biyu ba, ko wasullan da ake ɗorawa a kan harafi kamar na Larabci. Akwai kuma dangin `putwchar` da `fputws` da `wprintf`, amma magudana ɗaya ba a gauraya mata su da `printf`: kiran farko shi ke tsayar da nau'inta. Ga yawancin aiki, zama a kan UTF-8 da `fputs` ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na 6: tabbatar da cewa rubutun ya isa

Rubutu na iya gazawa. Faifai ya cika, ko an cire filashi, ko hanyar sadarwa ta yanke. `fputc` da `puts` da `fputs` suna dawo da `EOF` idan sun gaza, `printf` lamba ƙasa da sifili, `fwrite` kuma adadi ƙasa da wanda ka nema. Sai dai saboda ma'ajiyar nan, `fputs` na iya cewa ya yi nasara alhali bayit ɗin ba su bar shirinka ba tukuna. Gazawar sai lokacin juyewa take bayyana, wanda sau da yawa shi ne lokacin `fclose`. Wanda bai duba abin da `fclose` ya dawo da shi ba bai san ko an rubuta fayil ɗinsa ba.

Ba sai ka bi kowane kira da `if` ba. Magudana tana riƙe alamar kuskure da zarar ya faru, `ferror` kuma yana karanto ta. Dubawa ɗaya a ƙarshe ta wadatar ga ƙaramin shiri:

```c
#include <stdio.h>
#include <stdlib.h>

int main(void)
{
    puts("layi na farko");
    puts("layi na biyu");

    if (fflush(stdout) == EOF || ferror(stdout)) {
        perror("an kasa rubutu");
        return EXIT_FAILURE;
    }
    return EXIT_SUCCESS;
}
```

Ga fayil da ka buɗe da kanka, duba `ferror(f)` tukuna, sannan ka duba ko `fclose(f)` ya dawo da `EOF`. Shirin da ke rubutu mai yawa a cikin zagaye kuwa gara ya riƙa dubawa a ciki, kada ya ɓata lokaci yana tura abin da ba ya zuwa ko'ina.

Linux yana da wata na'ura ta musamman don gwada wannan, `/dev/full`, wadda kullum take amsawa da cewa wuri ya ƙare:

```
./gwaji > /dev/full
echo $?
```

Da dubawar nan, za ka ga saƙon `perror` a allo, tunda ta `stderr` yake bi, `echo $?` kuma, wanda ke nuna lambar da shiri ya dawo da ita, ya nuna 1, alamar gazawa. Cire `if` ɗin ka sake haɗawa ka gwada: babu saƙo, `echo` ya nuna 0, alhali ko bayit ɗaya bai shiga ba.

Bututu yana da nasa halin. A `./gwaji | head -1`, da `head` ya samu layi ɗayan da aka ce ya nuna sai ya rufe ya tafi. Idan shirinka ya sake turo wani abu bayan haka, babbar manhaja za ta aiko masa da siginar `SIGPIPE`, wadda ke kashe shi nan take ba tare da saƙo ba. Ga ƙananan kayan aiki na tagar umarni wannan shi ake so. Ga shirin da dole ya ci gaba da rayuwa, kamar saba mai hidima ga mutane da yawa, sai ka sa `signal(SIGPIPE, SIG_IGN);` daga `signal.h` a farkon `main`. Daga nan rubutun zai dawo da gazawa kamar kowane, `errno`, inda ake ajiye lambar kuskure, ya zama `EPIPE`, kai kuma ka rufe wannan magudanar ka ci gaba da sauran.